Wa Ya Ce Maka 'Yan Amshi Ne?

Gyara zama, Malam Mai Gardama. Tun daga nesa na hango ka kana karkata hula, na san yau ma da musu ka karya kumallo. To, ga abin musu na kawo maka har gida. Faifan waƙa ne mai suna Nightbirds, wanda wasu mata uku baƙar fata 'yan Amurka, masu kiran kansu Labelle, suka fitar a 1974. Matsayina ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye maka shi ba: duk wanda ya zauna lissafa manyan faya-fayan kiɗan fank na wancan zamani ya tsallake wannan, lissafin dokin Rano ya yi.

Ka ce ba ka taɓa jin sunansu ba? Ikon Allah! Wannan ai ba hujja ba ce, asirin kanka ka tona. Kuma ma ban yarda ba. Ka san wata waƙa da ake kira “Lady Marmalade”? A'a, kada ka sunkuyar da kai, ba wanda zai kai ƙararka gida. Ka san ta sarai. In ka kwana biyu a duniya, ka ji ta tun tana ɗanya. In kuwa kai ɗan baya-bayan nan ne, ka gan ta a talabijin a 2001, lokacin da Christina Aguilera da Lil' Kim da Mýa da Pink suka sake rera ta don fim ɗin Moulin Rouge!, ka kuma dinga rantsuwa cewa tasu ce. Aro suka yi, mutumina, shekara 27 bayan Labelle sun gama da ita. Ita ce waƙar farko a faifan da kake cewa ba ka sani ba.

Ka ce to ko ma mene ne, fank kiɗan maza ne? Na san nan za ka lanƙwasa. Za ka kawo mini James Brown yana zufa kamar an tsamo shi daga kogi, ka kawo Sly Stone, ka kawo George Clinton da tawagarsa. Duk na yarda da su, ban raina ko ɗaya ba. Amma bari in tambaye ka, mene ne fank ɗin? Ka yi shiru. To, saurara. Tun daga wajen 1965 James Brown ya fara juya kiɗan baƙar fatar Amurka. Ya ɗora nauyin kiɗan a kan bugun farko na kowane zagaye, ya sa kowane kayan kiɗa ya koma aikin ganga. Mai jita ya daina jan dogon zance, sai 'yar karta yake yi. Masu busa su tsikara su janye. Jitar bes, wannan mai kaurin muryar, ita ke jan ragama. Ana iya daɗewa a kan amo guda ba a gusa ba, daɗin yana cikin yadda kowa ke shigowa da yadda yake barin gurbi ga ɗan'uwansa. Yanzu nuna mini a cikin wannan bayani inda aka ce sai mai gemu. A 1973 Betty Davis ta fitar da faifan da ya fi na maza da yawa zafi. A 1974 Chaka Khan tana gaban ƙungiyar Rufus tana girgiza rediyo. George Clinton ɗin da kake tutiya da shi, da kansa ya ga uwar bari, a 1978 ya kafa ƙungiyoyin mata har biyu, Parlet da The Brides of Funkenstein. Sarkin ya sallama, kai dogari kana nan kana zare ido.

Ka ce ai ƙungiyar mata 'yan amshi ne kawai, a jera su uku da riga iri ɗaya su dinga kaɗa hannu? Kai, Malam! Ka taɓo inda yake yi musu ƙaiƙayi, domin sun yi wannan rayuwar har ta ishe su. A farkon shekarun 1960 su huɗu ne, sunansu Patti LaBelle and the Bluebelles: Patti 'yar Philadelphia, Nona Hendryx da Sarah Dash 'yan Trenton a jihar New Jersey, sai Cindy Birdsong. Dogayen riguna iri ɗaya, gashin kanti iri ɗaya, murmushi iri ɗaya. Waƙoƙin soyayya masu sanyi suke yi, 'yan kallo a gidan wasa na Apollo da ke Harlem suna son su kamar me. Sun ma rera “You'll Never Walk Alone”, don haka in kai ɗan Liverpool ne ka rage ɗaga murya, kana magana ne a kan manya. Da suka je yawon wasa Ingila, a cikin samarin da aka ɗauko su yi musu kiɗa akwai wani mai buga fiyano da ake kira Reg Dwight. Daga baya ya canza suna ya koma Elton John. Ka ji wanda ya zauna a bayan 'yan amshin naka.

A 1967 Cindy ta tattara komatsanta ta koma ƙungiyar The Supremes. Kasuwa ta yi sanyi, kamfanin Atlantic ya sallame su. Nan ne wata Baturiyar Ingila mai suna Vicki Wickham, wadda ta san su tun suna zuwa shirinta na talabijin a Landan, ta karɓi aikin manaja. Shawararta ba ta da daɗin ji: a yar da gashin kantin, a ninke dogayen rigunan, a gajarta sunan ya koma Labelle, a rera abin da ke damun mutane, kuma a daina tsarin jagora ɗaya da mabiya biyu. Patti ba ta so ba da farko, ta yi ta turjiya. Wa zai so a rage masa rawani? Amma ta sauko. Daga 1971 zuwa 1973 suka fitar da faya-fayai uku na kansu, suka yi wani tare da mawaƙiya Laura Nyro, suka buɗe wa ƙungiyar The Who wasa, har suka ɗauko waƙar siyasar nan ta Gil Scott-Heron mai maganar juyin juya hali suka rera. Masu sharhi suna yabo, masu saye suna wucewa. Sun bar kamfanin Warner, sun bar RCA, Epic ne kamfani na uku cikin shekara huɗu. Nightbirds faifan mutanen da tura ta kai bango ne, kuma ana jin haka a cikinsa.

Saka shi ka saurara da kunnen basira, ba kunnen musu ba. Muryar Patti ita ce mai tsaga rufi, wadda ta koyi aikinta tun tana yarinya a ƙungiyar mawaƙan coci. Ta Nona tana ƙasa, mai duhu, mai kaushi. Ta Sarah tana can sama, siririya mai kaifi. Ba sa jerawa a bayan juna cikin ladabi. Wannan ta jefa, waccan ta cafe tun kafin ta faɗi, ta ukun ta hau kansu duka. Wani lokaci sai ka rasa wace ce ke ja, wace ce ke amsawa. Kuma muryoyin nasu aikin ganga suke yi, kamar sauran kayan kiɗan: gajerun kalmomi, a sare, a kan bugu. Abin da na ce maka shi ne fank ɗazu, kana gyaɗa kai.

Ka ce to ai duk aikin furodusa ne, namiji ne ya dafa su suka ɗauko? Madalla, yau ka yi karatu kafin ka zo. Gaskiya ne namiji ne ya shirya faifan, kuma ba ƙaramin namiji ba: Allen Toussaint na New Orleans, a sitidiyonsa na Sea-Saint. Makaɗan ma na garin ne, ciki har da 'yan ƙungiyar The Meters, irin su George Porter Jr. a kan bes da Leo Nocentelli a kan jita, ga Herman Ernest a kan ganguna. Kiɗan New Orleans yana da wata tafiya tasa ta daban, kamar zai makara amma bai taɓa makara ba, kuma Toussaint ya shimfiɗa musu ita yadda ya kamata. Zan ma ƙara maka harsashi, tunda na ga bindigarka ba kome a ciki: “Lady Marmalade” ɗin kanta maza biyu ne suka rubuta ta, Bob Crewe da Kenny Nolan.

Kana murmushi ko? Tsaya tukuna, kada ka yi saurin yanka ragon suna. A cikin 1974 ɗin nan, kafin Labelle su taɓa waƙar, wata ƙungiyar sitidiyo mai suna The Eleventh Hour ta riga ta naɗe ta, Kenny Nolan da kansa yana rerawa. Waƙa ɗaya, kalmomi ɗaya, shekara ɗaya, mai rubutun ne ma a gaban makirfo. Rera mini tasu in ji. Ko layi ɗaya. Ka ga ka kama duban silin. Ta Labelle kuwa ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard a watan Maris na 1975, kuma waƙar da ta ture daga kujerar ita ce “My Eyes Adored You” ta Frankie Valli, wadda Crewe da Nolan ɗin dai suka rubuta. Su kam sun ci riba gaba da baya. Amma in da alƙalami ne kaɗai ke yin aikin, da ta farkon ta wadatar.

Sannan juya bayan kwalin faifan ka karanta sunayen marubuta. Waƙa 10 ce a ciki. Biyar daga ciki Nona Hendryx ce ta rubuta: “Somebody Somewhere”, “Are You Lonely?”, “Nightbird”, “Space Children” da “You Turn Me On”. Toussaint biyu ya kawo. Wato 'yar amshin taka ta ninka maigidan sitidiyo har da ɗoriya. Wannan shi ne abin da ya raba Labelle da yawancin ƙungiyoyin matan da suka gabace su, waɗanda ake miƙa wa takarda a ce ga abin da za ku faɗa. Nona tana rubuta kaɗaicin birni, da mutanen da aka bari a baya, da sararin samaniya, abubuwan da ba a saba ɗora wa 'yan mata masu murmushi ba.

Daga nan ma musunka na gaba ya mutu tun bai fito ba, amma fito da shi mu yi masa sutura. Ka ce faifan waƙa ɗaya ne, sauran duk cikon benci? Juya shi zuwa ɗaya fuskar. Waƙar da ta buɗe ta ita ce “What Can I Do for You?”, wadda makaɗansu biyu, James Ellison da Edward Batts, suka rubuta. In ka tambaye ni, kuma na san ba za ka tambaya ba, ita ce zuciyar faifan. Kiɗan yana tafiya a guje, muryoyin uku suna ture juna, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa har ta koma kamar wa'azi. “Are You Lonely?” kuma bes ɗinta kaɗai ta isa ta sa mai ciwon baya ya manta da maganinsa. Faifan gaba ɗaya ya shiga goman farko a jadawalin Amurka, ya tsaya a lamba 7.

Zan ba ka abu ɗaya, don kada ka koma gida hannu rabbana. Ba kowace waƙa a ciki ce fank ba. “It Took a Long Time” waƙar zaune ce, mai taushi, kuma “All Girl Band” ta Toussaint ba ta kai 'yan uwanta nauyi ba, raha ce kawai. Ka ci wannan. Riƙe shi da kyau, don ba wani na tafe.

Ka ce ai disko ne ma ba fank ba? Haba! Yanzu kuma ka koma malamin rabe-rabe? Ɗazu fa ba ka san sunansu ba. Gaskiya ne an yi rawa da “Lady Marmalade” a gidajen disko na New York, kuma masu tarihi suna lissafa ta cikin waƙoƙin da suka share wa disko hanya. Amma kasa kunne ga gangar. Disko bugunsa daidai wa daida ne, ɗaya bayan ɗaya kamar agogo, ga gogen Turawa sun cika ko'ina. Nan kuwa gangar tana tangaɗi, jitar tana karta, masu busa suna tsikari. Don an yi rawa da ita a gidan disko ba ta zama disko ba. Kai ma ka sha kwana a tasha, ba wanda ya kira ka direba.

Na ga kana leƙen hotonsu kana taɓe baki. Fito da ita. Ka ce wannan wace irin shiga ce, kamar waɗanda suka faɗo daga duniyar wata? Ka canka, abin da suke so ka faɗa ke nan. Riguna masu ƙyallin azurfa, kafaɗu a miƙe kamar fukafukai, gashin tsuntsaye, takalma masu tudu. Wani mai zanen tufafi da ake kira Larry LeGaspi ne ya ɗinka musu, kuma kowace da nata fasalin, an gama da zamanin anko. Shi wannan LeGaspi ɗin ya yi wa ƙungiyar Kiss kaya, ya yi wa mutanen George Clinton. Kai da kake ganin jirgin sama-jannatin Clinton shi ne farkon abin mamaki, duba kalanda: faifansa na Mothership Connection sai a ƙarshen 1975 ya fito. Matan sun riga shi tashi sama.

Da wannan shigar suka shiga Metropolitan Opera House na New York a watan Oktoba na 1974, gidan da aka gina don waƙoƙin gargajiyar Turawa, inda ake tafi da ƙa'ida. Babu wata ƙungiyar baƙar fata mai irin kiɗansu da ta taɓa hawa wannan dandamali kafin su. Suka roƙi kowa ya sanyo wani abu mai launin azurfa, jama'a kuwa suka amsa har suka wuce gona da iri. A 1975 mujallar Rolling Stone ta sa su a bangonta, su ne ƙungiyar mawaƙa baƙar fata ta farko da ta samu haka. Kai kuma kana nan kana duba tsawon takalmi.

Yauwa, ga babbar bindigar ta fito. Tun ɗazu nake jiran ta. Ka ce waƙar ba ta da kunya, labarin wata mai zaman kanta ce a New Orleans, kuma layin Faransancin nan da kowa ke rerawa ba abin faɗa ba ne a gaban surukai? Ban musa ba, kuma ba zan fassara maka shi ba, sai ka nemi ɗan Maraɗi ko Damagaram ka ja shi gefe. Patti da kanta ta sha faɗa cewa lokacin da ta rera shi ba ta san ma'anarsa ba. Ko ka yarda da ita ko kada ka yarda, wannan tsakaninku ne. Sarah kuwa 'yar fasto ce, ka ƙiyasta yadda aka kwashe a gida. Wanda ya ce shi ba ya sauraron irin wannan saboda addininsa ko tarbiyyarsa, na girmama shi, ba da shi nake ba. Da kai nake, kai da ka san ta tun kafin in ambata. Kuma kada ka yi kamar a kanka aka fara jin mata sun taru suna faɗin abin da maza ke jin nauyi. Ka manta da amada? Ka manta marigayiya Barmani Choge da matanta, ƙwarya a kife, ana sakin zance a cikin gida kai kana zaure kana yi kamar ba ka ji, alhali ƙafarka tana bin kiɗan? Hajiya, ke da ke karanta wannan ta bayan kafaɗarsa, ki ba da shaida.

Ka ce to abin Amurka ne, ina ruwan biri da gada? Ruwan ya zo har ƙofar gida. James Brown ya zo Legas ya yi wasa a 1970. A 1976 tagwayen nan da suka taso a Ibadan, Taiwo da Kehinde, wato Lijadu Sisters, suka fitar da faifansu Danger, mata biyu a gaba, fank da kiɗan gida a cakuɗe, suna caccakar masu mulki. Su ma ka ce ba ka san su ba, in ƙara maka wani zaman.

Saura me? Ka ce in da gaske suna da ƙarfi haka, me ya sa suka watse? Sun watse, ba shakka. Sun ƙara faifai biyu, Phoenix a 1975 da Chameleon a 1976, ba wanda ya kai Nightbirds kasuwa, kuma a ƙarshen 1976 kowace ta kama gabanta. Kowace da inda zuciyarta ke ja, ga gajiyar shekara 15 a kan hanya. Amma dubi inda suka dosa, sai ka gane ko akwai 'yar rakiya a cikinsu. Patti ta zama tauraruwa ita kaɗai, ta sake hawa lamba ɗaya a 1986 da “On My Own” tare da Michael McDonald. Nona ta shiga kiɗan gwaje-gwaje, muryarta tana cikin faifan Remain in Light na Talking Heads. Sarah ta yi nata faya-fayan, ta kuma yi aiki da Keith Richards na Rolling Stones. A 2008 suka sake haɗuwa suka yi faifai mai suna Back to Now. Sarah ta rasu a watan Satumba na 2021, a shekarar da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanar da sa “Lady Marmalade” ta Labelle cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi. Ta 2001 da kake rantsuwa da ita ta yi mako biyar a lamba ɗaya, ta ci kyautar Grammy, kuma a daren bikin a 2002 sai da 'yan matan huɗu suka kira Patti ta hau dandamali ta rufe musu waƙar. Su sun san uwar ɗakinsu.

Yanzu tashi ka nemi faifan, yana nan a intanet, bai kai tsawon rabin wasan ƙwallo ba. Ka tsallake waƙar farko tunda ka haddace ta a ɓoye, ka fara daga ta shida. In ka kai ƙarshenta wuyanka bai motsa ba, ka dawo mu ci gaba da musu, shayin a kaina.